Kafin Magini Ya Ja Igiya: Katanga, Rami da Haƙƙin Maƙwabci a Ƙasar Bagudo



Kaka ta yi, an yanke shinkafa, an kai abin da za a kai kasuwa, kuɗi ya ɗan shigo hannu. Daga Zagga zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, yanzu ne ake ganin tifa tana juye yashi a ƙofar gida, masu buga bulo kuma ba su da lokacin kansu. Magidancin da ya gaji da gyaran darni duk bayan damina ya ƙudura bana sai ya ja katangar siminti. Wani shago zai fasa a jikin katangarsa. Wani sokawe zai haƙa, wani rijiya, wani kuma matashi ne da ya ga ana samu a kiwon kifi, yana so ya gina tafki a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Duk wannan alheri ne, Allah ya ƙara buɗi. Abin da nake so mu tsaya a kansa yau shi ne, kafin magini ya ja igiya ya fara haƙa harsashi, wa aka tambaya?

Na san amsar da za a ba ni. "Filina ne, da kuɗina na saya." Ko kuma, "Gadon ubana ne, nan aka yanke mini cibiya." Ba na musun ko ɗaya. Amma katanga fuska biyu gare ta. Ɗaya tana kallon tsakar gidanka, ɗaya tana kallon lungu, ko gidan maƙwabci, ko hanyar da ruwan sama ya saba bi tun kafin a haife ka. Fuskar nan ta waje ita ce ta sa maganar ta wuce ta mutum ɗaya.

Bari mu fara da takardu, domin nan ne aka fi ruɗewa. Takardar cinikin da aka rubuta a gaban mai unguwa ko hakimi, shaidu suka sa hannu, shaida ce cewa an yi ciniki, kuma tana da daraja ranar da rigima ta tashi. Amma daban take da takardar shaidar mallaka ta hukuma, ita ma wannan daban take da izinin gini. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama a kansu bisa al'ada. Gwamna ne ke ayyana inda birni ya fara da inda ya tsaya. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mutum ya yi a ofishin filaye na sakatariyar Bagudo ita ce, filina a wane ɓangare yake? Amsar ita za ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ta ƙaramar hukuma ko ta jiha.

Izinin gini kuwa ya samo asali ne daga dokokin tsara gari. Akwai dokar tarayya ta 1992 wadda ta ce duk wani aikin gini ko sauya amfanin fili yana bukatar amincewar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. A nan Kebbi hukumar raya birane ta jiha, wadda aka fi sani da KUDA, ita ke duba tsarin gini a garuruwan da ke ƙarƙashin kulawarta, KEBGIS kuma ita ke adana taswira da bayanan filaye. Ƙaramar hukuma ma tana da nata rabon, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kula da titunan cikin gari, magudanan ruwa, shara da ƙazanta, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Katangar da ta ci lungu ko ta toshe kwata ta shiga hurumin ƙaramar hukuma kai tsaye, ko a birni take ko a ƙauye.

Wasu idan sun ji wannan sai su ce dokar Nasara ce, an kawo ta ne don a karɓi kuɗin talaka. Ina so masu wannan ra'ayi su saurare ni da kyau, musamman da yake Bagudo a masarautar Gwandu take. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa gidan sarautar Gwandu, ya rubuta littafi sukutum a kan ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. A ciki ya yi bayanin yadda ake mallakar mataccen fili ta hanyar raya shi, da harimin gari da na rijiya, da hurumin da shugaba ke keɓewa don amfanin kowa. Wani alƙalin Gwandu a ƙarni na 19, Alƙali Idirisu ɗan Halidu, shi ma ya tattara mas'alolin da alƙalai suka fi bukata wajen raba gardama, kuma rigingimun gini da maƙwabtaka suna ciki. Tun kafin mulkin Bature, alƙalanmu suna sauraron ƙarar katanga da indararo.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada a wannan babi ya isa a koyar da shi a kowane zaure. Tushensa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Daga nan malamai suka fitar da rassa: ba ka buɗe taga ko ka ɗaga bene inda za ka riƙa hango iyalin maƙwabci, ba ka haƙa masai a jikin bangonsa yadda danshi zai ci ginin, ba ka kafa sana'ar da hayaƙinta ko warinta ko girgizarta za su hana shi sakat, ba ka sakar masa ruwan wanka da na wanke-wanke a fili. Ɗan sararin da ke gindin katangarka ta waje kana da damar amfani da shi, ka zauna, ka ɗaure dabba, ka shimfiɗa kayan sayarwa, muddin ba ka takura masu wucewa ba, amma ba ka da damar ka katange shi ka mayar da shi cikin gida. Ya zo a Buhari da Muslim cewa idan an yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar kamu bakwai, wato abin da ya haura mita 3. Haka kuma an hori maƙwabci kada ya hana ɗan'uwansa ɗora azara a kan bangonsa. Ka ga shari'a ta ba ka haƙƙi a kan maƙwabci, ta kuma ba shi haƙƙi a kanka.

To yanzu a zaga tsofaffin unguwanninmu a gani. Lungun da a da amalanken shanu ke shiga da kaya, yau babur biyu ba sa gittawa. Ba wanda ya sace shi rana ɗaya. Wannan ya rushe katangar ƙasa ya maido ta da bulo, ya matso da taki ɗaya. Na gabansa ya ce ai ni ma ba za a bar ni a baya ba. Wani ya ƙara dakali, wani ya haƙa sokawe a waje don kada ya ci masa tsakar gida. Ranar da mace ta kama naƙuda cikin dare, mota ta tsaya can bakin titi, sai an ɗauko ta a hannu. Ranar da aka yi rasuwa, sai an karkata makara kafin ta fita. Mutanen da suka ci lungun su ne kuma suke shan wannan wahala, su da 'ya'yansu.

Sai maganar ruwa, wadda a ƙasar Bagudo ita ce babba. Muna zaune a bakin kogin Kwara, fadama ce arzikinmu, kuma kowa yana tune da ambaliyar 2020 da irin gonakin shinkafar da ta cinye a jihar nan, da gidajen da suka zube. Darni da zana suna barin ruwa ya ratsa ya wuce. Katangar bulo ba ta bari. Idan aka ja ta a kan hanyar ruwa ba a bar masa mafita ba, ko dai ya taru ya kayar da ita, ko ya juya ya shiga gidan wanda ke gangare, galibi kuma mai ginin ƙasa ne, wanda bai da ƙarfin ɗaga harsashinsa. Mai hali ya cike filinsa da ƙasa ya ɗaga shi, ruwan unguwa ya koma ɗakin gwauruwa. Wannan zalunci ne ko da mai yin sa bai yi niyya ba, kuma abu ne da za a iya kauce masa da tambaya ɗaya ga dattawan unguwa: ina ruwa ke bi idan an yi mamako? Sun sani, domin sun ga daminar da ta fi ta bana.

Masu filaye a bakin kogi su sani cewa dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta 1997, ta sa mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa a ƙarƙashin kulawarta, kuma Kwara na cikinsu. Masu gida a bakin titin Gwamnatin Tarayya su ma akwai mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe da aka keɓe wa hanya. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki kuma, irin mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 da ke ratsa garuruwa, ƙa'ida ita ce a bar mita 5 da rabi ta kowane gefe. Ginin da aka yi a irin waɗannan wurare ba da izini ba, ranar da aka zo faɗaɗa titi samun diyyarsa abu ne mai wuya, kuma mai rumfar kwano a ƙarƙashin waya ransa yake sakawa a haɗari kullum.

A cikin gida kuma akwai awon da nake roƙon kowane magidanci ya riƙe: tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe a bar aƙalla mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, kamar garuruwanmu na gefen fadama, gindin ramin ya kamata ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. Filayen da ake yankawa yanzu ƙanana ne, sau da yawa mita 30 ba ta samuwa a cikin gida ɗaya, balle a ce masanka yana bayan katanga, rijiyar maƙwabci tana ɗaya gefen. Katanga ta raba ku a sama, amma ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa ba ta san da ita ba. Ta nan amai da gudawa da taifot suke shiga gida. Wannan shi ne aikin da duba-gari ke yi a da, kuma ma'aikatan tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma har yau suna nan. Kiran su kafin a haƙa ya fi sauƙi a kan cike rijiyar da aka kashe wa kuɗi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai a wannan batu. A wasu ƙasashen da masu gida ke gina tafkin wanka a bayan gida, doka ta fi tsananta a kan shingen tafkin fiye da katangar gidan kanta. Faransa ta yi doka a 2003 da ta wajabta wa mai irin wannan tafki ya sa masa kariya, ko shinge, ko murfi, ko rumfa, ko na'urar da ke ƙara idan wani ya faɗa. A Ostireliya shingen sai ya kai tsayin mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Dalilinsu ɗaya ne, ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Mu a nan tafkin wanka sai a otal ko gidan wani babba. Amma muna da abin da ya fi shi haɗari, kuma babu shinge ko na ƙaya a kansa. Muna da kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini aka bari. Muna da ramin sokawe da aka haƙa kuɗi ya ƙare, damina ta cika shi. Muna da rijiya marar murfi wadda bakinta daidai yake da ƙasa, da kwarmin ajiye ruwa na masu buga bulo, da tafkin kifi na siminti ko na tamfol da ke ƙaruwa a gidaje. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma ba ya ihu, ba a jin motsinsa. Uwa tana gefen murhu tana turara shinkafa, ta juya ba ta gan shi ba. Mutum zai kashe dukiya ya ja katanga mai tsawo, ya dasa kwalba a kanta don ɓarawo, amma murfin rijiya da bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba ya gagara. Idan an yi rashi a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu sun yi bayani a kan wanda ya haƙa rami a inda bai halatta ba wani ya faɗa: akwai lamuni a kansa. Idan akwai dokar da nake so majalisar ƙaramar hukumar Bagudo ta fara yi kafin kowace, ita ce wannan: duk rijiya a ɗaga bakinta a rufe, duk ramin da zai kwana a buɗe a kewaye shi, duk tafkin kifi a sa masa shinge da ƙofa.

Zaman bakin iyaka kuma ya ƙara mana wasu abubuwan da mutumin Jega ko Aliero ba lallai ya damu da su ba. Iyakar nan tamu da Jamhuriyar Benin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1906 ne suka shata ta, ta ratsa tsakanin dangi. Mutumin Tsamiya yana da 'yan'uwa a Segbana, na Lolo yana cin kasuwar Malanville, aure da gado suna ƙetare iyaka kullum. Amma dokar fili ba ta ƙetarewa. Jamhuriyar Benin tana da nata kundin dokar filaye na 2013 wanda aka yi wa gyara a 2017, izinin gini a can ofishin magajin gari ake nema, filin karkara kuma 'yan ƙasa aka keɓe wa mallakarsa, sannan akwai tsirin ƙasa a gefen iyaka da hukuma ta sa wa ƙa'idoji na musamman. Takardar da hakiminka ya sa wa hannu a nan ba za ta tsaya maka a can ba. Wanda gonarsa ko garkensa ke daf da turakun iyaka, kada ya kuskura ya ja shinge ya haɗa da turke, ko ya tumɓuke shi don ya tsaya masa a hanya. Rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin mai unguwa, magana ce ta Hukumar Iyakoki ta Ƙasa da takwararta ta Benin.

Akwai kuma ɗakin da ake ginawa a bayan gida a cika shi da jarkokin fetur. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, a watan Nuwamba na shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Matakin ya jefa mutanen kan iyaka cikin ƙunci, jarka ta zama gidan man kowa, kuma ban zo nan don in yi wa mai neman abinci gori ba. Amma a tuna da abin da ya faru a Seme-Krake ta ƙasar Benin a watan Satumban 2023, inda rumbun ajiye fetur ya kama wuta, mutum fiye da 30 suka ƙone. Ɗakin fetur a tsakiyar unguwa, bango ɗaya da madafar maƙwabciya, ba harkar mai gida kaɗai ba ce. Duk wanda ke kwana a layin yana da bakin magana a kai.

Bayan duk wannan, ba zan ɗora laifi a kan talaka shi kaɗai ba. Mutane suna gudun neman izini ne saboda ba su san inda za su je ba, ba su san nawa za su biya ba, kuma suna tsoron idan sun kai kansu sun jawo wa kansu. Hukumar da ba a ganinta ranar da ake haƙa harsashi, sai gini ya kai linta ta zo da jan fenti ta rubuta a dakata, ita ma ta gaza. Buhun siminti ya yi tsadar da rushe katangar magidanci daidai yake da cinye masa noman shekara. Idan kuma aka rushe ta marar gata aka bar ta mai uwa a gindin murhu, to an koya wa gari duka cewa dokar ta ciniki ce.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba mai tsada ba ne. A rubuta ƙa'idojin da Hausa, da boko da ajami, a shafi ɗaya, a manna a sakatariya da fadar uban ƙasa da kasuwanni, a karanta su a rediyo, a fassara wa masu jin Dandanci da Fulatanci. A rubuta kuɗin kowane izini a fili, a ba da rasit, a faɗi kwanakin da za a jira. Katanga da masai da tafkin kifi na gida kada a nemi musu zanen injiniya irin na bene. Ya isa ma'aikacin filaye da na tsabta su zo da awo, mai unguwa yana tsaye, maƙwabta na dama da na hagu da na baya suna tsaye, a kafa turaku kowa ya gani, a rubuta a sa hannu. Yawancin shari'o'in iyakar gida da ke cin shekaru a kotu, da an yi wannan tsayuwar ta rabin sa'a da ba su taso ba.

Magina su ma a jawo su ciki, domin su ne ke riƙe da igiya. Maginin da ya san faɗin lungu da tazarar rijiya da masai, ya kuma san za a tambaye shi idan ya karya, zai gaya wa mai gida gaskiya tun kafin a sauke bulo. Limamai kuma su ware huɗuba ɗaya a wannan lokaci na rani a kan haƙƙin maƙwabci a gini, tunda littattafan suna nan a zaurukansu.

Kududdufan da suka riga suka kasance a cikin gari kuwa, kada a yi gaggawar cike su a yanka filaye, domin su ne ke shanye ruwan unguwa idan an yi ruwa mai yawa, kuma gidan da aka gina a kansu shi ne farkon zubewa. Ƙaramar hukuma ta ƙidaya su unguwa-unguwa, ta rubuta su a matsayin hurumin jama'a da ba a sayarwa, a kewaye waɗanda ke kusa da gidaje da makarantun allo. Yanzu da ruwansu ya ja baya aka fi ganin bakinsu, kuma aikin zai fi sauƙi kafin watan Yuni.